Gano Larurar Ƙwaƙwalwa da Auna Yadda Mutum Ke Tafiyar da Rayuwarsa a Binciken Asibiti: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi sun fi fitowa daga bakin ɗaliban aikin lafiya, da matasan da ake ɗauka aikin yi wa jama'a tambayoyi, da iyalan da aka nemi wani nasu ya shiga bincike a asibiti. Wanda ke fama da larura a yanzu, ya je ya ga likita, karatun wannan ba zai tsaya masa a madadin haka ba.

Tunda ba gwajin jini ake yi ba, da me ake gane mutum na da larurar ƙwaƙwalwa?

Da hira, da lura, da bin tarihin mutum. Har yau babu wani gwajin jini ko hoton kai da zai fito ya ce wane na da ciwon damuwa ko sikizofiriniya, wato larurar da ke kawo jiye-jiye da gane-gane da rikicewar tunani. Abin da ake da shi shi ne ƙa'idojin da aka yi ittifaƙi a kansu, kuma manyan kundaye biyu ne ke ɗauke da su. Akwai DSM na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fara fitowa a 1952, bugu na biyar kuma a 2013, aka yi masa gyara a 2022. Akwai kuma ICD na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda bugunsa na 11 ya fara aiki a watan Janairun 2022.

A ɗauki ciwon damuwa mai tsanani. DSM ya jera alamomi 9, ya ce sai an sami aƙalla 5 a tare, na tsawon mako biyu, kuma dole ɗaya daga ciki ta kasance ƙuncin rai ko gushewar sha'awar abin da mutum ya saba jin daɗinsa. Sauran sun shafi barci, cin abinci, gajiya, mutuwar jiki ko kasa zama wuri ɗaya, kasa tattara hankali, ganin kai a matsayin mara amfani, da tunanin mutuwa.

Jinin da ake ɗiba, ana ɗibarsa ne don a tabbatar ba wani abu ne ya ɓuya a baya ba. Ƙarancin jini da matsalar ƙulluwar tayirod da ke wuya suna kwaikwayon ciwon damuwa. Zazzaɓin da ya hau kai yana sa sambatu. Haka farfaɗiya, haka shan tiramol ko wiwi. Mai binciken da bai tambayi abin da mutum ke sha ba, bai ma fara aiki ba.

Me ya sa masu bincike ba sa wadatuwa da abin da likita ya riga ya rubuta a kati?

Saboda an taɓa gwadawa an ga abin da ya faru. A ƙarshen shekarun 1960 an lura asibitocin Niyok suna cike da masu sikizofiriniya, su kuwa na Landan sun fi samun masu ciwon damuwa da hauhawar yanayi, wato kuzari da zumuɗin da suka wuce kima. Aka ce to, mutanen ne suka bambanta ko likitocin? Sai aka tura ayari guda ya yi wa marasa lafiyan biranen biyu hira iri ɗaya, aka kuma nuna wa likitocin ƙasashen biyu faifan bidiyo na marasa lafiya guda. Bambancin ya kusa ɓacewa. Ashe likitocin Amurka ne ke da saurin ɗora sunan sikizofiriniya.

A wannan zamani ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar da bincike kan sikizofiriniya a cibiyoyi 9, da marasa lafiya kimanin 1,200, kuma Ibadan na cikinsu tare da Agra ta Indiya, Kali ta Kolambiya, Landan, Mosko da Washinton. Duka suka yi amfani da tsarin hira guda. Da aka koma bibiya bayan shekara biyu, aka ga marasa lafiyan Ibadan da Agra sun fi na ƙasashe masu arziki farfaɗowa. Masana na ta muhawara kan dalili har gobe, amma ba don an auna kowa da mudu ɗaya ba, da ba a ma sami abin muhawarar ba.

Wace irin hira ce wannan, kuma wa ke yin ta?

Hira ce da aka tsara tambayoyinta tun farko, har da inda za a tsallake idan amsa ta zo a'a. Uku sun fi shahara. SCID ta ƙwararru ce, likita ko masanin halayyar ɗan Adam, tana iya cin awa ɗaya zuwa biyu, kuma mai yin ta na da damar ya ƙara tambaya har ya gamsu. MINI gajera ce, masu ita sun tsara ta a gama cikin kamar minti 15, ko da yake a aikace takan wuce haka. CIDI kuwa an yi ta ne don wanda ba likita ba, a horar da shi ya karanta tambayar yadda take ba ƙari ba ragi.

Da CIDI aka yi babban binciken lafiyar ƙwaƙwalwa na Najeriya tsakanin 2001 da 2003, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan. A kashin da aka yi a yankin Yarbawa, cikin mutum 4,984, an sami kashi 12.1 cikin 100 sun taɓa fama da wata larura a rayuwarsu, kashi 5.8 kuma a cikin shekarar da ta gabata. Adadin ya yi ƙasa da na ƙasashe da yawa. Mai yiwuwa haka abin yake, mai yiwuwa kuma kunya da tsoron a ce mutum ya taɓu sun rufe bakin wasu a gaban baƙon da ya zo da takarda. Ni dai na fi karkata ga cewa na biyun ya taka rawa.

Na cike wata takarda mai tambaya tara, aka ce maki na 15. Ke nan ina da ciwon damuwa?

Ba lallai ba. Wannan takarda PHQ-9 ce, makinta daga 0 zuwa 27, kuma daga 10 zuwa sama akan ce a duba mutum da kyau. Aikinta tantancewa ne, ta ware waɗanda ya kamata a zauna da su. Macen da ta haihu makon jiya, ba ta barci, ta gaji, ba ta jin cin abinci, za ta iya tara maki ba tare da ciwon ba. Haka wanda aka yi wa rasuwa kwana goma da suka wuce. Idan ka ga rahoto ya ce kashi kaza na ɗalibai na da ciwon damuwa, duba ko hira aka yi musu ko takarda kawai suka cike, domin takardar kusan kullum tana kumbura adadi.

Idan likitoci biyu suka ga mutum ɗaya, bakinsu yana zuwa ɗaya?

Ba kullum ba, kuma gara a faɗi gaskiya. Ana auna wannan da wani lissafi mai suna kappa, wanda 1 ke nufin cikakkiyar yarjejeniya, 0 kuma ke nufin dacewar ba ta wuce ta sa'a ba. A gwajin da aka yi kafin fitar da DSM na biyar, ciwon firgici bayan mummunan tashin hankali ya sami 0.67, sikizofiriniya 0.46, ciwon damuwa mai tsanani kuwa 0.28 kacal. Wani ɓangare na matsalar yana cikin ƙa'idar kanta: akwai hanyoyi 227 da alamomi taran nan za su iya haɗuwa su cika sharaɗi, don haka mutum biyu za su iya ɗaukar suna ɗaya alhali kukansu ya sha bamban. Su ma kundayen biyu ba ko'ina suka dace ba. DSM na neman wata shida kafin a ce sikizofiriniya, ICD kuwa wata ɗaya.

Shi ya sa bincike na ƙwarai ke horar da masu hira tare, ya sa su saurari faifai guda kowa ya ba da makinsa, a kwatanta, a sake, kuma a maimaita hakan a tsakiyar aiki domin hannu yana karkacewa da daɗewa.

An riga an gano sunan ciwon. Me kuma ya kawo tambayar ko mutum na iya wanka ko zuwa kasuwa?

Nan ne zuciyar lamarin, kuma nan aka fi yin sakaci. Sunan ciwo yana gaya maka abin da ke damun mutum. Ba ya gaya maka abin da ciwon ya ƙwace masa. Ga maza biyu, dukkansu suna jin muryoyin da ba kowa ke ji ba. Ɗaya tela ne, yana buɗe shago da safe, yana karɓar ɗinki, yana cika alkawari ranar jajibirin salla, muryar na yi masa magana yana share ta. Ɗayan muryoyin sun ragu sosai da magani, amma ya shekara bai taka ƙofar gida ba, sai an ce masa ya yi wanka, matarsa ta koma gidansu. A takardar ƙidayar alamomi na biyun ne ya fi samun sauƙi. Je ka tambayi mahaifiyarsa ka ji.

Ƙa'idojin kansu sun san da haka, domin yawancin larurori a DSM suna da sharaɗin cewa alamomin sun jawo ƙunci mai yawa ko sun taɓa aiki da mu'amala. Kuma an sha gani a bincike cewa alamomi kan riga lafawa, komawa bakin aiki da shiga mutane su biyo baya a hankali, wani lokaci ma ba su biyo ba. A sikizofiriniya, abin da ya fi hasashen ko mutum zai iya riƙe sana'a ba yawan gane-gane ko jiye-jiye ba ne, a'a ƙarfin tunawa da tattara hankali da kuma ko yana da kuzarin fara abu da kansa. Maganin da ya kashe muryoyi ya bar mutum yana kwana yana wuni a kan tabarma, a ganina rabin aiki ya yi, kuma binciken da bai auna wannan ba zai kira shi cikakkiyar nasara.

Da wane ma'auni ake auna wannan?

Shekaru da dama GAF ce ke tashe: maki ɗaya tsakanin 1 da 100 da likita zai bayar. Aibinta shi ne ta cakuɗa tsananin alamomi da iya gudanar da rayuwa, aka ce a ɗauki wanda ya fi muni. Telan nan namu zai faɗo ƙasa saboda muryoyinsa duk da shagonsa na tafiya. A 2013 aka cire ta daga DSM aka nuna WHODAS 2.0 a madadinta.

WHODAS ta Hukumar Lafiya ta Duniya ce, tana da doguwa mai tambaya 36 da gajera mai 12, kuma tana duba kwana 30 da suka wuce a fannoni shida: fahimta da sadarwa, zirga-zirga, kula da kai, zama da mutane, aikin gida da na neman abinci, da shiga harkokin jama'a. Tambayoyinta na ƙasa-ƙasa ne. Wace irin wahala ka sha wajen tsayuwa ta minti 30? Wajen tattara hankali a kan abu na minti goma? Wajen mu'amala da wanda ba ka sani ba? Amsa hawa biyar ce, daga babu wahala zuwa ba na iyawa sam. Ba ta tambayar sunan ciwo, don haka da ita za a iya kwatanta mai ciwon damuwa da mai ciwon suga ko wanda ya karye.

Akwai kuma ma'aunin Sheehan mai tambaya uku kacal, aiki ko makaranta, zumunci, da gida, kowanne daga 0 zuwa 10. Masu gwajin magani na son sa saboda sauri.

Wa ya kamata a tambaya, mara lafiyan ko danginsa?

Duka biyun, kuma daban-daban. Mai ciwon damuwa yakan ga kansa ya fi yadda yake lalacewa. Wanda yanayinsa ya hau sama zai ce maka bai taɓa jin ƙarfi irin na yau ba, alhali ya rabar da jarinsa. Dangi kuma suna da nasu: wani zai ɓoye don kada a ɓata wa yarinya aure, wani zai ƙara gishiri don a kwantar da mara lafiya ya huta.

Wanda ya taɓa zama a ɗakin hira a Arewa ya san wannan hoto. An tambayi matar yadda barcinta yake, ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi, kafin ta buɗe baki mijin ya ce, "Lafiya lau take barci, likita." Ko uwar miji ta ce, "Ai ba komai, sangarta ce." Mai hira da ya san aikinsa zai ce, "Baba, mun gode, don Allah a ɗan ba mu wuri, za mu kira ku ku ma mu ji ta bakinku." Sai an rufe ƙofa, an yi shiru na ɗan lokaci, sannan za ta ce rabonta da barcin kirki tun kafin suna. Kuma "Alhamdulillahi" ta farko gaisuwa ce, ba a rubuta ta a matsayin amsa.

Hanya ta uku ita ce a sa mutum ya yi abin a gabanka. Akwai gwajin UPSA da aka tsara a Kalifoniya, inda ake ba mutum kuɗi ya ƙirga canji, ko a ce ya buga waya ya canza ranar ganin likita. Sai dai iya yin abu a ɗakin gwaji daban, yin sa a gida ba tare da an tunatar da kai ba daban.

Ma'aunin da aka tsara a Turai zai yi aiki a ƙauyenmu?

Ba sai an fassara shi kawai ba, sai an gyara masa zama. Ƙa'idar ita ce wasu su juya shi zuwa Hausa, wasu daban da ba su ga na asali ba su mayar da shi harshensa na farko, a kwatanta, sannan a kai wa mutanen gari a karanta musu a ce, "Me ka fahimta da wannan tambaya?" Matakin ƙarshen nan shi aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi muhimmanci.

Matsalar ta wuce ta kalmomi. Ka tambayi dattijo ko yana shan wahala wajen aikin gida, ya ce babu, domin bai taɓa ɗora tukunya ba. Ka tambayi matar da ke kulle game da fita harkokin jama'a, ta ce ba ta fita, a rubuta mata nakasar da ba ta da ita, alhali abin da ya dace a tambaya shi ne ko ta je barka da suna da gaisuwar mutuwa kamar yadda ta saba, ko ta ci gaba da ƙullin ƙuli-ƙulinta da zubin adashi. Manomi da aka tambaya a watan Maris kwana nawa ya kasa aiki, amsarsa ba za ta yi daidai da ta watan Yuli ba. Tambayar tafiyar kilomita ɗaya da ke cikin WHODAS kuma sai an ce masa kamar daga nan zuwa wuri kaza.

Paul Bolton da abokan aikinsa sun bi wata hanya a Ruwanda da Yuganda a wajajen shekarar 2000 wadda nake ganin ta cancanci koyi. Sun fara tambayar mutanen gari ayyukan da namiji ko mace ke yi don kula da kai, da iyali, da al'umma, sannan suka gina ma'aunin daga amsoshin, na maza daban na mata daban. A Zimbabuwe ma an gina takardar tantancewa mai tambaya 14 daga yadda masu jin Shona ke faɗin damuwarsu, ciki har da yawan tunani, abin da Bahaushe ma ke kawowa asibiti tare da ciwon kai, zafin jiki da faɗuwar gaba. Hasarar wannan hanya ita ce sakamakon ba ya kwatantuwa da na wata ƙasa, shi ya sa masu hikima ke haɗa na gida da na duniya su yi amfani da duka biyun.

Ga wanda bai yi karatu ba, akan yi amfani da kati mai hotuna, misali mutum ɗauke da kaya daga ƙarami zuwa wanda ya danne shi, ya nuna da yatsa.

Idan mutum ya ce aljanu ne ko sammu aka yi masa, za a rubuta cewa ya taɓu?

A'a. Ƙa'idojin sun fito fili cewa imanin da al'ummar mutum ta yarda da shi ba alamar ciwo ba ne. Abin dubawa shi ne ko 'yan uwansa da malaminsa, waɗanda suka yi imani da abu ɗaya, su ma suna ganin wannan ya fita daga hanya. DSM na biyar ya zo da wata hira mai tambaya 16 da ke neman jin yadda mutum da danginsa ke kiran matsalar, me suke ganin ya jawo ta, da inda suka riga suka nemi taimako. Yawancin masu zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, sun biya ta wurin ruƙiyya ko mai maganin gargajiya, kuma ba abin ɓoyewa ba ne. Mai binciken da ya yatsina fuska da jin haka, ya rufe wa kansa ƙofar sauran bayani.

A gwajin magani, ta yaya ake sanin an sami sauƙi?

Ana aunawa a farko, a sake a lokutan da aka tsayar. A ciwon damuwa an fi amfani da ma'aunin Hamilton na 1960 mai tambaya 17: raguwar maki da rabi ana kiran ta amsa magani, saukowa zuwa 7 ko ƙasa kuma lafawar ciwo. A sikizofiriniya PANSS ce, mai abubuwa 30. Mai ba da maki bai kamata ya san wa ya sha maganin gaske wa ya sha ƙwayar da ba komai a cikinta ba, domin a gwaje-gwajen ciwon damuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shan ta banzan ma suna samun sauƙi. Yawancin irin wannan gwaji mako shida zuwa takwas ne, wanda ya isa a ga barci ya gyaru amma bai isa a ga mutum ya koma gona ko ya sami aiki ba.

Wanda hankalinsa ya taɓu zai iya ba da izinin shiga bincike?

Mafi yawansu suna iyawa. Samun larura ba ya nufin rasa hankalin yanke shawara. Ana duba ko ya fahimci bayanin, ya gane ya shafe shi, zai iya auna amfani da haɗari, kuma ya faɗi zaɓinsa. Idan bai iya ba a lokacin, waliyyinsa ne zai sa hannu, amma ko da haka in shi ya ƙi, an bar shi. Mutanen Kano ba su manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a 1996 a lokacin annobar sanƙarau ba, kuma suna da hujjar yin tambaya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Najeriya a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta ƙarfafa haƙƙin mara lafiya na a nemi yardarsa a kuma rufa masa asiri.

Idan ana cikin hira mutum ya ce yana tunanin kashe kansa fa?

Sai a ajiye takarda. Kowane bincike dole ya tanadi matakin da za a bi tun kafin a fara: wa za a kira, wane asibiti za a kai shi, wa zai raka shi, kuma ba a barin sa shi kaɗai. Yin tambayar ba ya cusa wa mutum tunanin, an bincika wannan an tabbatar. Da yawa ma sukan sauke ajiyar zuciya don an sami wanda ya tambaya.

An nemi ƙanena ya shiga wani bincike. Me zan tambaya kafin mu amince?

Tambayi wane kwamitin ɗa'a ne ya amince da binciken, a nuna maka takardar. Tambayi ko za a dakatar da maganin da yake sha, da abin da za a yi in jikinsa ya tashi. Tambayi wa zai ga amsoshinsa, ko za a naɗi murya, da inda za a ajiye ta. Ka nemi a yi muku bayani da Hausa a gaban shaida idan bai iya karatu ba, a kuma ba ku kwafin abin da kuka sa wa hannu, mai ɗauke da lambar wanda za ku kira. Kuɗin mota da ake bayarwa ba sayen yardarsa ba ne, yana da ikon fita ranar da ya ga dama, kuma hakan ba zai taɓa kulawar da yake samu a asibitin ba. Sannan ka tambaye su ko bayan alamomin ciwo za su duba yadda yake komawa makaranta ko sana'arsa, da kuma watanni nawa za su bibiye shi bayan an gama ba da maganin.